Ranar da Tsaraba Ta Hana Jirgina Tashi

Ko tsufa zai kwashe mini komai a ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na cusa jirgin sama cikin gonar tumatir a gaban mahaifiyata da duk mutanen ƙauyenmu ba. Ba wani asiri nake tonawa ba, don daga Kura har Bunkure babu wanda bai ji labarin ba. Wasu ma har yau suna da bidiyon a waya, kuma duk ranar da hira ta mutu a majalisa shi ake kunnawa.

Ni ɗan manoman rani ne. A bakin kanal na girma, cikin tumatir da albasa da shinkafa, kuma tun ina ƙarami in jirgi ya gifta sai in saki fartanya in bi shi da kallo har wuyana ya ƙage. Da Allah ya sa na sami tallafin shiga makarantar koyon tuƙin jirgi, a ƙauyenmu tun ranar aka fara ce mini Kyaftin, alhali ko ƙofar jirgi ban iya buɗewa ba.

A aji kam babu mai ja da ni. Tambaye ni abubuwan da ke sa jirgi ya yi nawar tashi, in zubo maka su kamar karatun allo. Nauyi in ya yi yawa, jirgi sai ya ci doguwar hanya kafin ya ɗaga. Zafin rana yana tsinka iska ta zama kamar kunun da aka cika wa ruwa, inji bai ƙoshi ba, fiffike bai sami abin kamawa ba. Iska in ta biyo ka ta baya, ta ƙara maka tsawon gudu. Titi in laka ce ko ciyawa, ya riƙe tayoyi. Kaya in suka taru a baya, hanci ya ɗaga sama ba da izininka ba. Duk na sani. (Ku riƙe wannan, don kada wani ya tausaya mini ya ce rashin sani ne.)

Matsalata a sama take. In ana kallona sai in rikice, har na faɗi gwaji sau ɗaya. Makaranta ta ce saura mini dama guda: zan yi tafiya da babban malaminmu, Kyaftin Lawan, ni ne matuƙi, shi ɗan kallo. In ya sa hannu, in wuce zuwa jarrabawar lasisi. In bai sa ba, tallafi ya yanke, in tattara komatsaina in koma gida.

Da aka faɗa mini inda za mu, sai da gabana ya faɗi. Akwai wani gajeren titin jar ƙasa a gefen babban kanal, wanda jiragen feshi ke sauka a kai lokacin da tsuntsayen jan-baki suka addabi shinkafa, kuma makaranta kan nemi izini ta kai ɗalibai can su koyi sauka da tashi a titin da ba kwalta. Daga titin nan ana hango rufin gidanmu. Mai hankali da ya yi shiru da bakinsa. Ni kuwa na ɗauki waya na kira Inna.

"Inna, gobe da safe zan sauka a filin feshi. Amma don Allah kada ki gaya wa kowa."

"Wa zan gaya wa?" in ji ta.

Washegari, cikin tsakiyar bazara, muka iso ta sama. Kwamin tumatir shar a ƙasa, kanal yana ƙyalli, ga kuma wani baƙin taro a ƙarshen titin, ƙarƙashin itatuwan darbejiya. Har da tabarmi. Har da masu sayar da rake.

Kyaftin Lawan ya leƙa ta taga ya ce, "Yau kasuwar garin nan ke ci?"

Na ce, "Ina jin 'yan kallo ne, ranka ya daɗe."

Abin baƙin cikin shi ne saukar da na yi ranar ban taɓa yin mai kyanta ba. Tayoyin nan suka taɓa ƙasa lallausan taɓi, har Kyaftin ya gyaɗa kai. Sai dai da muka juya a kusa da taron, farfela ta ɗebi jar ƙura ta lulluɓe dattawa da fararen rigunansu. Ba wanda ya damu. Guɗa kawai ke tashi.

Tsarin shi ne mu sauka, mu duba jirgi, mu tashi tun iska na da sanyi-sanyi. Amma ina kashe inji sai ga Inna, ga ƙanenta Kawu Sule, ga dagaci da kansa. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Inna ta durƙusa wa Kyaftin ta ce, "Malam, tun asuba muke kan murhu. Ai ba kwa tafi ba ku sa albarka ba."

Kyaftin ya ja ni gefe. "Ka san abin da rana ke yi wa iska. Yau kai ne matuƙi. Mu zauna ko mu tafi?"

Na waiwaya na ga Inna tana gyara lulluɓinta, tana yi wa matan unguwa wani irin murmushi da ban taɓa gani a fuskarta ba. Na ce, "Mu ɗan zauna, ranka ya daɗe. Ba za mu daɗe ba."

Wanda ya san mutanenmu ya san babu wani abu wai shi ɗan zama. Aka kawo shinkafa da miyar zabi. Fulanin da ke zaune a bayan gari suka aiko da fura da nono. Dagaci ya yi jawabi, limami ya yi addu'a, wani tsohon malamina na firamare ya tashi ya ba da tarihina, har da abubuwan kirkin da ban tuna na yi ba. Kafin mu ankara an kira azahar, rana ta take tsaka, ƙasa tana huci.

Bayan sallah dattawa suka riƙe Kyaftin da hira. Ya ce mini, "Riga ni zuwa. Ka taka titin da ƙafarka daga farko har ƙarshe, ka duba iska, ka sake lissafin nauyi. Ina zuwa."

Ina isa wajen jirgin na tarar da Inna da mata sun kewaye shi, kowacce da kaya a gabanta. Buhun shinkafa 'yar gida. Buhun albasa. Ƙaton kwandon tumatir, irin wanda ake lodawa a mota zuwa kudu. Kwalaben man shanu. Zabi masu rai an ɗaure musu ƙafa.

Inna ta ce, "Buɗe bayan."

"Inna, jirgi ba a sa masa kaya haka nan. Sai an auna."

"Auna? Sayar maka zan yi?"

Mata suka kwashe da dariya. Na sassauta murya na ce, "Nauyi ne, Inna. In ya yi yawa ba zai tashi ba."

"Abin da ke ɗaukar alhazai zuwa Makka ne buhun shinkafa zai gagara? Kai, ka ji tsoron Allah. Malaminka ya zo har ƙofar gidanmu, ka bar shi ya koma hannu rabbana? So kake a ce ba mu san mutunci ba? Wannan albasar Gwaggonka ce ta ciro da hannunta, ga ta nan, kalli idonta ka ce ba ka so."

Na kalli idon Gwaggo. Ban ce ba na so ba.

Nan na fara irin lissafin da mutum ke yi in ya riga ya yanke shawarar cutar kansa. Jirgin mai kujera huɗu ne, mu biyu ne a ciki, ashe ke nan akwai wurin mutum biyu. Na manta da gangan cewa tankunanmu cike suke da mai, kuma ma'ajiyar kayan da ke can baya wajen wutsiya an yi ta ne don 'yan jakunkuna. A nan na danna shinkafa da albasa da man shanu da zabin, na ja mayafin da muke rufe gilashi da shi na lulluɓe. Kwandon tumatir ya ƙi shiga, na ɗora shi a kujerar baya. Gumi yana zuba, mata suna sa mini albarka.

Sannan na kama taka titi. Can farkonsa ƙasa a bushe take ƙeƙasasshiya, na ji daɗi. Da na nufo ɓangaren da ke kusa da taron sai na ji ƙarar injin ban-ruwa. Kawu Sule ne, ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana naɗe tiyo, fuskarsa cike da fara'a.

"Kyaftin ɗan Inna! Ƙurar ɗazu ta ba mu kunya wallahi, baƙo guda mun bar shi ya sha ƙasa. Tun kuna cin abinci na jawo ruwa daga kanal na shayar da wajen nan sosai. Yanzu ko ƙwayar ƙura ba za ta tashi ba."

A wajenmu haka ake yi. In za ka yi baƙi, ka share ƙofar gida ka yayyafa ruwa. Kawu dai ya yi nasa yayyafin da injin da ke shayar da kadada guda. Rana ta riga ta busar da saman, in ka hango daga nesa ba ka ce an taɓa ba. Na danna dunduniyar takalmina, ta nutse kamar a cikin tuwo mai zafi.

Na san abin da ya kamata in faɗa. Yana nan a bakina, a jere, da Turanci da Hausa. Amma mutumin nan ya bar gonarsa ba ruwa, ya ƙona fetur ɗinsa, don kada a raina ɗan 'yar'uwarsa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya saka da alheri, Kawu."

Saura iska. Wani tsumma ne a kan sanda ke nuna inda ta dosa, kuma ta juya tun safe. Ƙa'ida ita ce ka fuskanci iska ka tashi. In na bi ƙa'ida, zan ba taron baya, in tashi can nesa inda ba mai ganina sai shanu. In na fara daga ɗaya ƙarshen kuwa, jirgi zai ɗaga daidai gaban darbejiya, gaban Inna. Na dubi tsumman na ce a raina, ai iskar ba ta da ƙarfi.

Kyaftin ya iso yana goge gumi. Ya ga kwando a kujerar baya. "Wannan fa?"

"Ɗan tsaraba ne, ranka ya daɗe."

"Ka sa shi a lissafi?"

"Na sa." (Kuma na sa ɗin. Kwandon kaɗai.)

Ya dubi lissafin da na miƙa masa, ya dubi tsumman, ya dube ni. Bisa abin da na rubuta, titin zai ishe mu ko da zafin da 'yar iskar bayan. Ya nuna wata giginya da ke gefen titi ya ce, "In muka kai waccan, allurar gudu ba ta kai inda ake so ba, me za ka yi?"

"In janye totur, in taka birki."

"To, bismilla."

Muka gangara can ƙarshe, na juya hanci ya fuskanci taron, na tura totur har ƙarshe. Inji ya yi ruri, amma jirgin ya taso kamar jakin da aka yi wa lodin taki. Allura tana hawa a hankali, a hankali. Ina ta roƙonta a zuci. Ta fara ba ni fata ke nan sai muka shiga gonar Kawu, wato inda ya shayar. Na ji kamar wani ya kamo wutsiyar ta baya. Laka ta fara dukan cikin jirgin, fat, fat, fat. Allura ta tsaya cak, sannan ta soma komawa.

Giginya ta zo. Giginya ta wuce.

Na gan ta da idona, kuma na tuna amsar da na bayar. Amma a gabana ga mutanen garinmu sun miƙe tsaye, yara suna tsalle, ga mayafin Inna tana kaɗa shi sama. In taka birki a nan? In tsaya a gabansu kamar motar da mai ya ƙare wa? Sai na ja sitiyari da ƙarfi.

Hanci ya yi sama fiye da yadda na nema, saboda shinkafa da albasa suna can baya suna danna wutsiya. Ƙararrawar gargaɗi ta fasa ihu. Tayoyi suka bar ƙasa kamar taƙi guda, jirgin ya yi rawa, ya koma ya daki laka. Kyaftin Lawan, wanda a cikin jirgi ban taɓa jin ya ba da umarni ba sai da Turanci, ya daka mini tsawa da Hausa tsantsa: "Sake min! Cire hannunka!"

Ya janye totur, ya taka birki, amma birki a laka sunansa sulu. Muka wuce darbejiya a guje, mutane suna watsewa, muka wuce ƙarshen titi, muka faɗa kwamin tumatir. Tayar gaba ta nutse, farfela ta sari laka, komai ya tsaya lokaci guda. Komai ban da kwandon da ke kujerar baya. Shi ya taso ya juye a kanmu.

Kyaftin ya kashe komai da sauri, ya ce, "Ka ji ciwo?" Na ce a'a. Sai daga can baya, ƙarƙashin mayafin gilashi, zabi suka fara kuka.

Ya juyo a hankali, tumatir na gangarowa daga hularsa. "Mene ne ke kuka a cikin jirgina?"

Wallahi a wannan lokacin da ƙasa ta tsage da na gode mata.

Na buɗe ƙofa na fito, farar rigata ta makaranta ta koma ja tun daga wuya har ciki. Inna ce ta fara isowa, ba takalmi, ba mayafi. Tana ganina ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Jini! Wayyo Allah, na kashe ɗana!" Mata suka ɗauki salati, wasu suka fara kuka. Ta kama ni tana laluba ƙirjina tana neman raunin, sai ta tsaya. Ta dubi tafin hannunta, ta ga wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi. Ta sansana.

"Tumatir ne," in ji ta. Kuma ba a hankali ta faɗa ba.

Wani ya tuntsire daga baya. Shi ke nan, dariya ta kama kamar wutar kara. Mutanen da ɗazu suke mini addu'a, su ne suke riƙe ciki suna faɗuwa a bakin kanal. Ban ga laifinsu ba, tsoro ne ya sake su. Amma ni a tsaye nake cikin laka har idon sawu, na san abin da ya mutu a wurin ko da ba jini.

Kyaftin bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce in sauke duk abin da ke cikin jirgin in jera a bakin kanal. Na ciro shinkafa. Na ciro albasa. Na ciro man shanu, wata kwalbar ta fashe. Na ciro zabi suna harbin iska. Ya taka zuwa titi, ya danna ƙafarsa a inda aka shayar, ya daɗe yana kallon ramin da ta bari. Kawu Sule yana gefe ya sunkuyar da kai, ya kasa ko motsi.

Kyaftin ya dawo ya tsaya a gabana. "Faɗa mini abubuwan da ke hana jirgi tashi da wuri."

Na faɗa. Nauyi, da inda aka ɗora shi. Zafi. Iskar baya. Taushin titi. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Ya ce, "Ka ci duka. Babu wanda ka manta, kuma babu wanda ka bari ba ka aikata ba." Ya share fuskarsa. "Ni ma da na zauna cin zabi, na kuma yarda da takardarka ban leƙa baya ba, zan je in amsa nawa. Amma ba zan sa hannu in ba ka rayukan mutane ba. Duk wanda ka ji kunyarsa sai ya tuƙa maka jirgi."

Inna ba ta gane me ake ciki ba. Ta matso ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, tsautsayi ne. Ko shinkafar ce ka tafi da ita."

Jirgin a gonar ya kwana, sai daga baya injiniyoyi suka zo suka kwance fukafukansa aka ɗora shi a tirela. Mu kuwa a Garun Mallam muka tari motar haya. Ni da Kyaftin a kujera ɗaya, muna tsamin tumatir har muka isa. Kwamitin makaranta bai ɓata lokaci ba. Na tsaya a gabansu, suka yi tambayoyi, na amsa gaskiya, suka yi mini fatan alheri a rayuwa.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na warke ba. Na yi watanni ba na son fita, in na ji ƙarar jirgi sai in shige ɗaki. Abokan karatuna yanzu suna yawo tsakanin manyan birane da farar riga da zinariya a kafaɗa, ni ina bakin kanal ina jiran a sako ruwa. Har yau Kyaftin ake ce mini, sai dai yanzu in an faɗa akwai ɗan murmushin da ke biyo baya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda zan riƙe a zuciya. Duk wanda ya sa hannu a faɗuwata, ƙauna ce ta sa shi.

Ranar da na dawo gida da akwatina, Inna ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta zauna tana kallona ina share hawaye. Ta daɗe tana neman abin da za ta faɗa ya sanyaya mini rai. Can ta ce, "Ka daina damuwa, ɗan nan. Dama jirgin nasu ba shi da ƙwari. Akori-kurar gidan dagaci ta fi shi ɗaukar kaya."

Na buɗe baki in yi mata bayani, na rufe. Na ce, "Haka ne, Inna."

To, ga abin da na koya, ko zai amfani wani ɗalibin. Kafin ka haddace nauyi da zafi da iska, ka je gida ka gwada ce wa mahaifiyarka a'a a gaban mutane. In ka iya, je ka koyi tuƙi. In ba ka iya ba, ka nemi fartanya tun da wuri, don jirgi bai san kara ba. Ni dai har yanzu ban iya ba.